ALHAJI ALHASSAN ƊANTATA (1877-1955): RAYUWARSA DA DABARUN KASUWANCINSA

1.0 Gabatarwa

Sunan Ɗantata ya daɗe da zama ma'aunin arziki a bakin Hausawa, ta yadda ko wanda bai san tarihin mai sunan ba ya san abin da ake nufi idan aka ambace shi. Wannan babi zai kawo tarihin Alhaji Alhassan Ɗantata, tare da mai da hankali kan yadda ya gina kasuwancinsa. An haife shi a zamanin Daular Usmaniyya, lokacin da ake ciniki da wuri, ake fatauci da jakuna. Ya rasu saura shekara 5 Nijeriya ta sami 'yancin kai, lokacin da ake ciniki da fam da sule, ake ɗaukar kaya a jirgin ƙasa da mota. A tsakanin waɗannan zamunna biyu an yi basasa a Kano, Turawa sun ci ƙasa, an yi yaƙin duniya sau biyu, kasuwannin duniya kuma sun karye. Manyan gidajen fatake da yawa ba su tsallake waɗannan sauye-sauye ba. Tambayar da babin zai amsa ita ce: mene ne ya sa arzikin Ɗantata ya riƙa ƙaruwa da kowane sauyi, alhali irin sauyin ne ya durƙusar da wasu?

2.0 Asalinsa da Haihuwarsa

Alhassan ya fito ne daga cikin Agalawa, wato wani rukunin fatake da kakanninsu suka gangaro daga ƙasar Azbin suka zauna a ƙasashen Katsina da Kano, har suka zama Hausawa ta fuskar harshe da al'ada. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne suka fi riƙe fataucin goro a ƙarni na 19. Kakansa, Baba Talatin, shi ya taso da iyalinsa daga ƙasar Katsina zuwa Madobi ta ƙasar Kano. Mahaifinsa, Abdullahi, madugu ne, mahaifiyarsa kuwa, wadda aka fi sani da Amarya, ita ma 'yar kasuwa ce mai jarin kanta. An haifi Alhassan a Bebeji a shekarar 1877, kuma a nan iyalin suka ci gaba da zama.

2.1 Fataucin Gwanja

Ba za a fahimci rayuwar Ɗantata ba sai an san sana'ar da ya buɗe ido a cikinta. Goro ba ya yi a ƙasar Hausa. A dazuzzukan Asante, waɗanda Hausawa ke kira Tonawa, ake samunsa, sai a kawo shi kasuwar Salaga ta ƙasar Gwanja, a arewacin Gana ta yau. Fatake sukan tashi daga Kano cikin ayari, ɗauke da kanwa da rinannun tufafi da jemammun fatu da gabu, su ƙetare kogin Kwara, su ratsa ƙasar Bargu, su bi ta Yandi kafin su sauka Salaga. Zuwa da dawowa kan cinye watanni masu yawa, wani lokaci har shekara.

Ayari yana da tsarin shugabanci. Madugu shi ne shugaba, jagaba yana gaba yana duba hanya, uban dawaki kuma shi ke kula da abin da za a biya sarakunan da ake ratsa ƙasarsu. A kowane zango akwai fatoma, wato mai masauki, wanda ke sauke baƙi, ya adana kayansu, ya haɗa su da dillalai. Duk wannan harka ba a rubuta yarjejeniya a cikinta. Abin da ke riƙe da ita shi ne zumunta da addini da sanin asalin juna. Ga shi kuma goro kaya ne mai laulayi: sai an naɗe shi da ganye a cikin huhu, a riƙa kwancewa ana yayyafa masa ruwa, ana tsince wanda sankara ta kama. Kowace rana da aka ƙara a hanya hasara ce. Waɗannan abubuwa biyu, wato darajar amana da tsadar lokaci, su ne gadon da Alhassan ya tashi da shi.

3.0 Ƙuruciyarsa da Karatunsa

Madugu Abdullahi ya rasu wajen shekarar 1885, Alhassan yana da kimanin shekara 8. Bayan an raba gado, Amarya ta koma Akra, wadda fatake ke kira Ankara, inda take da harkokin ciniki. Ta bar 'ya'yan a Bebeji a hannun wata tsohuwar baiwa mai suna Tata. Da yake al'adar Hausawa ce a jingina yaro ga wadda ta rene shi, sai aka riƙa kiransa ɗan Tata. Daga baya kalmomin biyu suka haɗe suka zama suna guda, kuma sunan wannan baiwa ne zuriyar take amsawa har yau.

An sa shi makarantar allo a Bebeji. Gadon da aka ba shi bai yi auki ba, don haka ya yi rayuwa irin ta sauran almajirai, yana karatu yana aikin ƙarfi domin abin da zai ci. An rawaito cewa Tata ce ta koya masa tanadi, ta sa shi ya riƙa jefa wani abu daga ɗan abin da ya samu a cikin asusu. Yana da kimanin shekara 15 ya bi ayarin Gwanja domin ya ga mahaifiyarsa. Ya sayi 'yan kaya a Bebeji, ya sayar da wasu a hanya, ya ƙarasa sauran a Akra. Mahaifiyar ba ta zaunar da shi cikin daula ba, sai ta kai shi wurin wani malami ya ci gaba da karatu da hidima har lokacin komawarsa gida. Amma wannan tafiya ta nuna masa abin da yawancin 'ya'yan fataken Kano ba su taɓa gani ba, wato teku da jiragen ruwa da kantunan Turawa.

4.0 Basasar Kano da Rushewar Tsohuwar Hanya

A shekarar 1893 Sarkin Kano Muhammadu Bello ya rasu, aka naɗa ɗansa Tukur. 'Ya'yan Sarki Abdullahi Maje Karofi, waɗanda aka sani da Yusufawa, suka ƙi amincewa, aka shiga yaƙin basasa wanda ya ƙare da nasarar Aliyu Babba. Agalawa da dama sun goyi bayan Tukur, saboda haka da ɓangarensa ya sha kashi sai abin ya shafe su. An kama Alhassan da wasu 'yan'uwansa a matsayin bayi, sai da aka biya fansa suka kuɓuta. Ke nan kafin ya cika shekara 20 ya ɗanɗani maraici da talauci da bauta.

A daidai wannan lokaci hanyar Gwanja ita ma tana mutuwa. Tun da Ingilishi suka ƙone Kumasi a 1874, ikon Asante a kan ƙasashen arewa ya raunana, goro ya daina kwarara Salaga kamar da. A 1892 aka yi yaƙin sarauta a Salaga, fatake suka watse zuwa wasu garuruwa. Sannan Ingila da Faransa da Jamus suka yayyanka ƙasashen da ayari ke ratsawa, kowa ya kafa iyaka da kuɗin fito. A watan Fabrairu na 1903 Turawa suka ci Kano. Sabuwar gwamnati ta hana cinikin bayi, ta kuma fifita tsabar kuɗinta a kan wuri. Attajirin da dukiyarsa take bayi da buhunan wuri da jakunan ayari sai ya wayi gari ya ga ginshiƙan arzikinsa suna zubewa ɗaya bayan ɗaya.

5.0 Goro ta Hanyar Teku

A nan ne dabarar Ɗantata ta fara bayyana. Ya lura cewa hanya ce ta lalace, amma buƙatar goro tana nan: ba a ɗaurin aure, ba a raɗin suna, ba a gaisuwar manya sai da shi. Saboda haka ya riƙe kayan, ya sake hanya. Yakan sayi goro a Kumasi, a sauko da shi bakin teku a Sakandi ko Akra, a loda a jirgin ruwa zuwa Ikko, daga nan a haura da shi ta Ibadan zuwa Arewa. Layin dogo da ya haɗa Sakandi da Kumasi a 1903 ya ƙara sauƙaƙa wannan hanya. Yana cikin fataken Kano na farko da suka rungume ta.

Fa'idar a fili take. Tafiyar watanni ta koma ta makonni, goron da ke ruɓewa a hanya ya ragu, kuma jarin da a da ake juya shi sau ɗaya a shekara yanzu ana iya juya shi sau da yawa. Wajen 1906 ya faɗaɗa harkarsa zuwa duwatsun ado da tsakiya da yadin Turawa, domin kada ya tafi da kaya ya dawo hannu wofi. A waɗannan shekaru ya koyi ɗan Turanci, ya saba da ma'amala da kamfanonin Turawa, ya kuma ga yadda 'yan ƙasa a can suke yin arziki ta hanyar saya wa Turawa koko daga hannun manoma. Bayan rasuwar mahaifiyarsa a Akra wajen 1908, sai ya karkato da hankalinsa kan Ikko da Kano. Daga bisani ya tare a birnin Kano, ya kafa gida a Sarari, cikin yankin Koki.

6.0 Jirgin Ƙasa da Cinikin Gyaɗa

Layin dogo ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912. Burin Turawa shi ne su kwashi auduga zuwa masaƙun Ingila, amma lissafinsu bai fita ba. Masaƙan gida sun fi Turawa sayen auduga da daraja, don haka ba ta kai tasha ba. Gyaɗa kuwa ta dace da jigawar ƙasar Kano, ba ta kai auduga cin aiki ba, kuma idan kasuwarta ta faɗi manomi yana iya cin abarsa ko matarsa ta yi mai da ƙuliƙuli. A can Turai kuma masana'antun sabulu da na man girki da na majarin suna neman man gyaɗa ido rufe. Ga haraji da ake so a biya da tsabar kuɗi. Waɗannan dalilai suka haɗu, gyaɗar da Nijeriya ta fitar ta tashi daga kimanin tan 2,500 a 1912 zuwa sama da tan 19,000 a 1913.

Kamfanonin Turawa suna da kuɗi, amma ba su san ƙauyuka ba, ba su jin harshe, manoma kuma ba su san su ba. Dole suka nemi attajiran gari ta hannun Sarkin Kano Abbas da Adamu Jakada. Daga cikin waɗanda suka fara karɓar wannan aiki akwai Umaru Sharubutu da Maikano Agogo. Ɗantata bai kasance na farko ba. A 1918 ne kamfanin Niger Company ya neme shi ya riƙa saya masa gyaɗa. Sai dai ya shigo da abubuwan da suka fifita shi: ya riga ya ga irin wannan ciniki a harkar koko, yana magana da Turawa ba tare da tafinta ba, yana da jarin kansa daga goro, sannan iyalinsa da barorinsa ba su yi yawan da za su cinye riba ba. Zuwa 1922 ya zarce duk attajiran Kano.

7.0 Tsarin Kasuwancinsa

7.1 Wakilai da Amana

Kamfani yakan ba babban mai saye kuɗi tun kafin kaka. Shi kuma ya rarraba wa wakilansa, su ma su rarraba wa ƙananan wakilai da ke zaune a kasuwannin ƙauye. Waɗannan su ke auna gyaɗa da mudu, su ɗura a buhu, a ɗora wa jakuna da raƙuma zuwa inda sikeli yake. Kowane mataki yana da la'adarsa. Haɗarin da ke cikin wannan tsari shi ne kuɗi ne masu yawa suke fita hannun mai su na tsawon watanni, zuwa wuraren da idonsa ba ya kaiwa. Bature ba shi da abin da zai riƙe ƙaramin wakili da shi in ban da kotu. Ɗantata kuwa ya ɗauko tsohuwar alaƙar maigida da yaronsa, wadda ayari ya ginu a kanta, ya ɗora cinikin gyaɗa a kai. A wannan alaƙa maigida ne ke ba yaro jari, ya yi masa aure, ya tsaya masa idan ya shiga matsala, shi kuma yaro ya san cewa cin amana zai raba shi da jari da mutunci gaba ɗaya. Yaron da ya nuna riƙon amana akan ƙara masa jari har ya zama maigidan wasu. Ta haka cinikin ya yaɗu ba tare da an gina ofisoshi ko an ɗauki ma'aikatan albashi masu yawa ba.

7.2 Rarraba Jari

Cinikin gyaɗa na 'yan watanni ne, daga kaka zuwa tsakiyar rani. Ɗantata bai bar goro ba don ya sami gyaɗa, kuma ya haɗa da shanu da hatsi da tufafi, daga baya har da motocin sufuri da gidaje da kwangilar gine-gine. Jirgin da ya gangara Kudu da gyaɗa da shanu shi ne zai hauro da goro da gishiri da yadi, kuma wakilin da ya sayi gyaɗa a hannun manomi shi ne zai sayar masa da waɗannan kaya. Ke nan kuɗin da ya fita ta ƙofa ɗaya yakan dawo ta wata. Amfanin wannan ya fito sarari lokacin da farashin amfanin gona ya faɗi a 1920 zuwa 1921, da kuma lokacin karayar tattalin arzikin duniya da ta fara a 1929. Waɗanda suka dogara da gyaɗa kaɗai da kuɗin kamfani kaɗai, da yawansu bashi ya binne su.

7.3 Tsimi da Tanadi

An san Ɗantata da sauƙin rayuwa a ci da sutura, da kuma bin diddigin lissafi. Ribar da ya samu takan koma cikin jari. A 1929 ya kai ajiyar tsabar kuɗin azurfa, kayan raƙuma 20, bankin Bank of British West Africa da ke Kano, bisa sharaɗin ba zai karɓi kuɗin ruwa ba saboda haramcin riba a Musulunci. Wannan mataki yana nuna halinsa game da baƙin abubuwa. A lokacin da attajirai da yawa suka fi amincewa da binne kuɗi a ɗaka, shi ya ɗauki abin da ke da amfani a banki, wato tsaro da sauƙin aika kuɗi zuwa Ikko, ya bar abin da ya saɓa wa addininsa.

8.0 Shingen Mulkin Mallaka

Duk da wannan nasara, akwai iyakar da Ɗantata bai iya ƙetarewa ba. Riba mafi tsoka tana wurin wanda ya fitar da gyaɗa zuwa Turai, kuma wannan mataki yana hannun kamfanonin Turawa, waɗanda ke da jiragen ruwa da bankuna da kunnen gwamnati. A 1929 Niger Company ya haɗe da wani babban kamfani aka sami United Africa Company, wato UAC, wanda Ɗantata ya zama babban mai saya masa gyaɗa. Manyan kamfanonin sukan haɗa baki su tsayar da farashi. A gefe guda kuma ga Kwara, wato 'yan Lebanon da Siriya, suna gogayya da 'yan ƙasa a matakin tsakiya.

Wajen 1940 ya nemi izinin saye da fitar da gyaɗa da kansa, bai samu ba. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu gwamnati ta karɓe cinikin amfanin gona, ta raba wa kamfanoni kaso gwargwadon abin da kowa ya saba fitarwa kafin yaƙi. Wannan ƙa'ida ta rufe ƙofa ga duk wanda ba a taɓa bari ya fitar ba. A 1949 aka kafa hukumar cinikin gyaɗa ta Nijeriya, wadda ita kaɗai ke da ikon sayarwa a waje, a 1954 kuma aikin ya koma hannun hukumar Jihar Arewa. Sai a kakar 1953 zuwa 1954 Ɗantata ya sami lasisin saya wa hukuma kai tsaye, ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da kamfanonin da ya yi wa aiki shekara 35. A lokacin saura ƙasa da shekara 2 ya rasu. A waɗannan shekaru na ƙarshe ya shiga cikin attajiran da suka haɗa jari suka kafa Kano Citizens Trading Company, wanda ya buɗe masaƙar zamani a Kano, domin 'yan ƙasa su ma su sa ƙafa a harkar masana'antu.

Ya kamata a tuna da manomi a cikin wannan lissafi. Shi ne a ƙasan tsani. Sau da yawa yakan ci bashi da damina ya biya da gyaɗa da kaka, lokacin da take araha, kuma farashin da hukuma ke yanka masa yana ƙasa da na kasuwar duniya. Gyaɗa ta kawo kuɗi ƙauyuka, amma rabon bai zama daidai ba, kuma attajiran gida suna cikin waɗanda tsarin ya fi amfana.

9.0 Dalar Gyaɗa

Ana danganta fara jera buhunan gyaɗa a siffar dala da Ɗantata. Dala guda takan ɗauki buhu kusan 15,000. Wannan siffa tana da hikima, domin tana cin ƙaramin fili, ba ta rushewa, kuma idan an lulluɓe ta da tamfol ruwan sama yakan gangare. Hotunan dalar gyaɗa sun zama alamar arzikin Arewa. Sai dai yawansu bayan Yaƙin Duniya na Biyu yana da wani dalili: hukumar jiragen ƙasa ba ta da isassun injuna da taragu, don haka gyaɗar wata kaka takan tarar da ta bara ba a kwashe ba, ƙwari suna ɓarna. Dalar shaida ce ta ƙwazon manoma da 'yan kasuwa, kuma shaida ce ta dogaro da layin dogo guda da amfanin gona guda.

10.0 Rasuwarsa da Abin da Ya Bari

Alhassan ya sauke farali tun cikin shekarun 1920, lokacin da zuwa Makka ke da wuya, kuma an san shi da ciyarwa da taimakon malamai. Ya sa 'ya'yansa cikin kasuwanci tun suna samari, kowa da ɓangaren da yake kula da shi. Da ciwon ajali ya kama shi a 1955, ya tara 'ya'yansa da babban mai kula da kuɗinsa, Garba Maisikeli, ya yi musu wasiyya da su zauna lafiya da juna, kada kuma su bari kamfanin Alhassan Dantata & Sons ya wargaje. Dalilin wannan wasiyya a bayyane yake ga wanda ya san ƙuruciyarsa: ya ga yadda dukiyar Madugu Abdullahi ta narke bayan an raba ta tsakanin ƙananan yara. Rabon gado wajibi ne, amma magada suna iya barin rabonsu a haɗe a cikin kamfani. Ya rasu a Kano ranar 17 ga Agusta, 1955, aka binne shi a gidansa na Sarari. A lokacin ana ɗaukarsa a matsayin wanda ya fi kowa dukiya a Afirka ta Yamma. Allah ya jiƙansa.

Ɗansa Ahmadu ya jagoranci kamfanin har rasuwarsa a 1960, sannan Aminu ya karɓa. Sanusi ya shahara a cinikin gyaɗa da sufuri, Mahmudu kuma a jigilar alhazai. A shekarun 1960 Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen fitar da gyaɗa, amma farin farkon shekarun 1970 da cutar da ta kama gyaɗa a 1975, tare da karkatar gwamnati ga man fetur, suka kawo ƙarshen wannan ciniki. Dala ta ɓace daga Kano, amma gidan bai faɗi tare da ita ba, domin ya riga ya shiga gine-gine da masana'antu da wasu harkoki. Alhaji Aminu Ɗantata ya rasu a watan Yuni na 2025, aka binne shi a Madina. Alhaji Aliko Ɗangote, wanda aka haifa a 1957, jikan Sanusi ne ta wajen uwa, wato tattaɓa-kunnen Alhassan.

11.0 Kammalawa

An ga yadda Alhaji Alhassan Ɗantata ya tashi maraya, almajiri, har ya ɗanɗani bauta, sannan ya zama babban attajirin zamaninsa. Idan aka bi matakan rayuwarsa za a ga hali guda yana maimaituwa. Duk lokacin da zamani ya juya, yakan bambance abin da ya mutu da abin da ke da sauran rai. Da hanyar Gwanja ta mutu ya bar jaki ya hau jirgin ruwa, amma bai bar goro ba. Da gyaɗa ta zo ya karɓi kuɗin kamfani da sikeli da banki, amma ya ɗora su a kan amanar da ya gada daga ayari. Da ya ga ajali ya matso ya nemi tsarin da zai sa jari ya wuce ran mai shi. Inda ya tsaya kuwa, dokar mulkin mallaka ce ta tsayar da shi.

Ga malamin da zai koyar da wannan tarihi, akwai amfani biyu. Na farko, taska ce ta kalmomi: madugu da jagaba da fatoma da huhu na tsohon zamani, da kamfani da banki da sikeli da lasisi da aka aro daga Ingilishi, waɗanda ke nuna yadda harshe ke tafiya tare da sana'ar masu shi. Na biyu, wadda ta fara koya wa Ɗantata tanadi ba ta da sarauta ko dukiya, kuma yaron da ta rena ba shi da wata alama da ta bambanta shi da sauran almajirai. Irin waɗannan yara suna nan a kowane aji da malami zai shiga.

Tambayoyin Bita

1. Yi bayanin asalin sunan Ɗantata, sannan ka kawo wasu sunayen Hausa 3 da aka gina ta wannan hanya.
2. Waɗanne dalilai ne suka kashe hanyar fataucin Gwanja, kuma wane mataki Ɗantata ya ɗauka?
3. Me ya sa manoman ƙasar Kano suka fifita gyaɗa a kan auduga bayan isowar jirgin ƙasa?
4. Tattauna matsayin amana a tsarin wakilan Ɗantata.
5. Ta wace hanya mulkin mallaka ya taƙaita bunƙasar 'yan kasuwar gida?
6. Tsamo kalmomin aro 10 daga wannan babi, ka faɗi harshen da aka aro kowace daga cikinsa.